Alƙahira ko Madina: ina ya fi dacewa da mai son koyon Larabci?

A da, idan yaro ya gama makarantar Arabiyya aka fara maganar tura shi waje ƙaro Larabci, garuruwa uku ake ambata: Khartum, Alƙahira da Madina. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya cire Khartum daga lissafi. Kowa ya ga yadda ɗalibanmu suka yi kwanaki a kan iyakar Masar cikin motocin safa kafin a kwaso su ta Aswan. An yi asara babba, domin Sudan ce ta fi sauƙin kuɗi da kusancin al'ada, kuma can Malam Abubakar Gumi da abokansa suka je kwalejin horar da malamai ta Bakht er-Ruda a tsakiyar shekarun 1950. Yanzu saura biyu, kuma duk wanda ya tambayi tsofaffin ɗalibai zai ji kowa na yabon inda ya yi, kamar babu wani wuri a bayan ƙasa.

Abin da ya raba su a taƙaice shi ne wa ke riƙe da ragama. A Madina jami'a ce ke zaɓenka, ta ɗauki nauyinka, ta tsara maka yini. A Alƙahira kai ne za ka zaɓi malami, ka biya, ka tashi kanka da asuba, kuma ranar da ka ƙi fita babu mai cigiyarka. Kusan duk sauran bambance-bambancen daga nan suka samo asali.

Ƙofar shiga ita ce ke yanke wa mutane da yawa hukunci tun kafin su yi wani zaɓi. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tallafin karatu take bayarwa, abin da ɗalibai ke kira minha. Wanda aka ɗauka ba ya biyan kuɗin makaranta. Ana ba shi wurin kwana, da tikitin jirgi na zuwa da na hutun ƙarshen shekara, da magani kyauta, da alawus na riyal ɗari takwas da 'yan kai duk wata, ga abinci mai rahusa a cikin jami'a. Sharuɗɗan ne ke da tsauri. Mai neman shiga cibiyar koyon harshe ko digirin farko sai ya kasance tsakanin shekara 17 da 25, takardarsa ta sakandare kada ta wuce shekara biyar da fitowa, sannan ya kawo wasiƙun tazkiyya daga malamai ko ƙungiyoyin da aka sani. Tun 2022 ana nema ne ta shafi ɗaya na intanet da gwamnatin Saudiyya ta buɗe wa jami'o'inta. Masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Akwai wanda zai cika komai, a shekara shiru, ya sake nema, a sake shiru, har shekarunsa su haye ma'auni yana zaune yana duba waya.

Alƙahira ƙofofinta biyu ne. Ta farko Jami'ar Azhar. Ita ma tana ba da minha, kuma waɗanda suka samu sukan zauna a Madinatul Bu'us, unguwar kwanan ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya, amma guraben kaɗan ne, mafi yawan 'yan ƙasashenmu da kuɗin gidansu suke zuwa. Wanda ke son digiri a Azhar zai ci karo da kalmar mu'adala, wato ko Azhar ta yarda takardarsa ta sakandare ta yi daidai da tata. In ba ta yarda ba, sai a yi masa jarrabawa a sa shi ajin da ya dace a ma'ahadin Azhar, wato makarantunta na ƙasa da jami'a, kuma ba abin mamaki ba ne mai gemu ya koma ajin da yake ganin ya wuce tun tuni. Ƙofa ta biyu ita ce cibiyoyin koyar da Larabci masu zaman kansu, marakiz, da suka cika unguwar Madinat Nasr. Su ba ruwansu da shekarunka ko takardarka. Za su gwada ka, su sa ka matakin da ka dace, ka biya kuɗin mataki ɗaya, ka fara cikin mako. Ɗan kasuwa mai shekara arba'in zai iya, matar aure za ta iya, malamin makaranta mai hutun wata uku zai iya.

A cikin aji bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Cibiyar harshe ta Madina shekara biyu ce, matakai huɗu, kuma wanda ya zo da ƙarfinsa yakan tsallake wasu ko ya wuce kwaleji kai tsaye bayan gwaji. Littafin nan mai juzu'i uku na Dakta V. Abdur Rahim, ɗan ƙasar Indiya, wanda ake karantawa a Islamiyyunmu da yawa, domin ɗaliban wannan jami'a aka rubuta shi, don haka ɗanɗanon karatun ba baƙo ba ne: nahawu da sarfu a gaba, misalai daga Alƙur'ani da hadisi. A Azhar akwai cibiyar Sheikh Zayed mai matakai daga mubtadi (ɗan koyo) har mutamayyiz (ƙwararre), su kuma marakiz na kuɗi sun fi karkata ga hira da sauraro da rubutun yau da kullum, ajinsu ƙanana, har ma ana ɗaukar malami shi kaɗai da ɗalibi. Duk mai ƙwazo zai fita da nahawu mai kyau a kowanne.

Bayan an tashi daga aji ne hanya ke rabuwa.

Ɗalibin Madina yana komawa ɗakin da zai tarar da ɗan Indonesiya da ɗan Bosniya da ɗan Senegal. Babu yaren da ya haɗa su sai Larabcin littafi. Da shi za a nemi aron tulun dafa shayi, da shi za a yi rigima kan wanda ya bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne, da shi za a yi wa juna tsiya kan ƙwallo. Wurare kaɗan ne a duniya ake rayuwar yau da gobe da fusha, wato Larabcin littafi, haka, kuma wannan ce babbar ribar Madina ga mai son harshen karatu da huɗuba: cikin 'yan watanni bakinsa ya buɗe, i'irabi ya zauna masa ba tare da ya tsaya lissafi ba. Amma Larabcin baƙi ne da baƙi. Ana musayar kurakurai kamar yadda ake musayar kalmomi. Cuɗanya da 'yan ƙasa kaɗan ce, domin mai shago da direban tasi da mai wanki galibi 'yan Bangaladesh ne ko Pakistan ko Indiya, masu wani gurɓataccen Larabcin kasuwa da ba shi da namiji ba shi da mace. A shagunan kusa da Harami kuwa, kana buɗe baki mai shago zai tare ka da "Alhaji zo, akwai araha", domin shekara da shekaru yana ciniki da mahajjatanmu. Sai ka ga mutum ya gama digiri yana fassara manyan littattafai, amma in Balarabe ya saki baki da yaren gidansu sai ya riƙa tsinto kalma ɗaya-ɗaya.

Ɗalibin Alƙahira kuwa yana fitowa daga aji ya faɗa cikin birni mai mutum fiye da miliyan 20, waɗanda duk Larabci suke yi, amma ba wanda aka koya masa minti goma da suka wuce ba. Ɗauki ƙaramar motar haya zuwa Hayyul Ashir, unguwar da ɗalibai 'yan Afirka suka fi yawa. Kuɗin mota daga baya ake miƙo shi hannu zuwa hannu, in ka zauna a bayan direba kai ne ka zama mai tattarawa da ba da canji, ana jefo maka lissafi ta ko'ina. Lokacin sauka ya yi, sai sabon zuwa ya gyara murya ya ce "uridu an anzila huna" (ina son in sauka a nan, da Larabcin littafi), mota ta fashe da dariya, wani ma ya amsa masa da "sadaƙallahul azim". Abin da ake cewa shi ne "ala gamb ya usɗa" (a gefe, direba). A yaren Masar harafin jimun ya koma ga, ƙafun ya koma hamza, kalmomin tambaya sun koma ƙarshen magana. Kuma abin bai tsaya a titi ba: a cikin kwalejojin Azhar kansu akwai daktocin da ke fara darasi da fusha, zance na yin daɗi su zame cikin ammiyya, wato yaren gari, har a tashi. Wata shida na farko akwai wuya, kuma wanda tushensa bai yi ƙarfi ba yakan cakuɗa biyun ya rasa tudun dafawa.

Wanda ya daure kuwa da harshe biyu zai dawo. Yaren Masar shi ne wanda Larabawa suka fi ganewa daga Maroko har Iraƙi, albarkacin finafinai da waƙoƙi da talabijin na shekaru masu yawa. Ga jaridu, ga muhawara a gidan shayi, ga rigima da mai gidan haya, wadda ita kanta darasi ce. Ga mai son aikin tafinta, ko jarida, ko diflomasiyya, ko kasuwanci da Larabawa, a ganina Alƙahira ta yi wa Madina nisa. Ga mai son mumbari da karantarwa, Madina ta fi saurin kai shi.

Sai karatun da ba a rubuta shi a jadawali ba, wanda tsofaffin ɗalibai da yawa ke cewa shi ya fi amfanarsu. A Madina motocin jami'a na kai ɗalibai Masallacin Annabi (SAW) da yamma. Tsakanin magariba da isha'i kujerun malamai na cike, wannan na karanta hadisi, wancan tafsiri, wancan fiƙihu, ga halƙoƙin haddar Alƙur'ani da mutun, wato gajerun littattafan ilimi. Komai a tsare, da izini, cikin natsuwa. A Alƙahira abin ya fi kama da karatun zaure da muka sani. A rumfunan masallacin Azhar, wanda aka buɗe tun 972, da ɗakunan karatu da ke lungunan bayansa, ana ɗaukar littafi daga bango zuwa bango, tun bayan asuba har dare, kyauta. Wanda ya taso da Ajuruma da Alfiyya da Iziyya da Ishmawi zai ji kamar gida ya zo, kuma ba banza ba: mawallafan Iziyya da Ishmawi da Muhtasar duk mutanen Masar ne. Alaƙar ta daɗe. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira domin ɗalibansu da mahajjatansu, Barebari suna da rumfarsu a Azhar, Imam Suyuɗi da ya rasu a 1505 ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa. Idan ka fito daga darasi, lungun Darbul Atrak na nan da shagunan littattafai jere, ga kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, ga baje kolin littattafai na duniya da ake yi duk ƙarshen Janairu tun 1969, inda ɗalibai ke zuwa da akwatin tafiya su cika shi. Mai son littafi ya yi hattara da aljihunsa a wannan wata.

Akwai maganar da iyaye ke yi a ƙasa-ƙasa, gara a faɗe ta a fili. Azhar a kan aƙidar Ash'ariyya da Maturidiyya take, tana karantar da mazhabobi huɗu, ɗalibi ya zaɓi Malikiyya ya bi ta, kuma tasawwufi yana da mazauni a cikinta. Madina a kan tafarkin Salafiyya take, fiƙihunta na kwatanta mazhabobi da dalilansu ne, kuma daga can malamai irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam suka fito. Kowane wuri ya fitar da malamai na ƙwarai. Amma yaro ɗan shekara 19 da zai yi shekara shida a wuri, da wuya ya dawo ba da launin wurin ba. Gidan da ya san hakan zai dame shi, ta kowane ɓangare, ya zauna ya tattauna tun kafin a nemi fasfo.

Ga mata lissafin gajere ne. An san Jami'ar Musulunci ta Madina da ɗalibai maza. Mace mai son Saudiyya takan nemi Ummul Ƙura a Makka ko Jami'ar Gimbiya Nura a Riyad, kuma an daɗe ana haɗa minharsu da sharaɗin muharrami mazaunin ƙasar. Azhar tana da kwalejojin mata nata, marakiz kuma suna da azuzuwan mata da malamai mata. Shi ya sa sababbin ma'aurata da ke son karatu tare suka fi nufar Alƙahira.

Kuɗi fa? A Madina, matuƙar ɗalibi bai ɗauko aure ba, alawus na riƙe shi, mai tattali har yakan ajiye na littafi da tsaraba. A Alƙahira kuɗin makaranta a kwalejojin addini da na Larabci ba shi ne ke karya mutum ba. Haya ce, da abinci, da kuɗin cibiyar harshe, da sabunta iƙama, takardar izinin zama, wadda ke cin kwanaki na layi da kai-komo. A Maris 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa wajen 50 a dala ɗaya, kaya suka tashi. Kwararowar 'yan gudun hijira daga Sudan ta sa haya ta yi tsalle a unguwannin da ɗalibai ke zama. Naira kuma ta sha nata kayen tun Yuni 2023, don haka uban da ke aikowa daga Kano ko Sakkwato wuta biyu yake ji. Mai aikowa da sefa daga Maraɗi ko Damagaram ya ɗan fi samun sauƙi, tunda kuɗinsa a ɗaure yake da yuro. Ful da ɗa'amiyya da koshari, abincin Masar mai araha, suna rufa asiri, amma kada wanda ya tafi da niyyar zai yi aiki ya riƙe kansa: iƙamar ɗalibi a ƙasashen biyu ba ta aiki ba ce. Wanda ba shi da tabbacin abin da zai riƙa shigo masa duk wata na aƙalla shekara guda, Alƙahira za ta wahalar da shi, kuma karatun ne zai fara tafiya.

Ta fuskar yawon buɗe ido, kowanne da irin nasa. Ɗalibin Madina yana sallah a Rauda, yana zuwa Ƙuba da Uhudu da Baƙi'a inda Imam Malik yake, yana ziyartar maɗaba'ar Sarki Fahad da ta buga tarjamar Alƙur'ani ta Hausa. Jirgin ƙasa mai sauri da aka buɗe a 2018 na kai shi Makka, tafiyar wajen kilomita 450, cikin sa'a biyu da rabi, sai ya yi umara a hutun ƙarshen mako ya dawo. Babu abin da Alƙahira za ta ajiye a gefen wannan, kuma ga mutane da yawa maganar ta ƙare a nan. Sai dai rayuwar ɗalibi a can tsakanin wuri uku take yawo: aji, ɗaki, Harami. A Masar kuwa ƙasa ce guda a buɗe: dalar Giza, masallacin Amru bin Asi da na Ibn Ɗulun, hubbaren Imam Shafi'i, Iskandariyya a bakin teku, jirgin ƙasa na dare zuwa Luxor da Aswan, gayyatar buɗa-baki a gidan abokin karatu a ƙauye. Zafin Madina a bazara yakan haura digiri 40 ya zauna, sanyin Alƙahira a Janairu kuma, a gidajen da ba a gina su don sanyi ba, ya fi hunturun da muka saba shiga ƙashi. Maganar launin fata ma tana nan. A titin Alƙahira baƙar fata yakan ji yara na jifansa da "samara" ko "shokolata", a Hijaz ma akwai masu furta "takaruni" da raini, duk da cewa jikokin Hausawa masu laƙabin Hausawi sun daɗe da zama 'yan ƙasa, tsire ma ya zama abincin gari a Makka da Jidda. A Madina katangar jami'a na tare mafi yawan wannan. A Alƙahira sai haƙuri da sanin unguwa.

Haɗarin da ya fi kowanne, kuma wuraren biyu sun yi tarayya a kansa, shi ne 'yan'uwa. Bahaushe ba ya rasa Bahaushe a Madina ko a Hayyul Ashir. Za a tarbe ka, a ba ka masauki, a tuƙa tuwo ranar Juma'a, kuma wannan alheri ne da ba a rainawa, musamman a makon farko. Amma gidan da mutum shida ke kwana da Hausa su tashi da Hausa, su yi hirar siyasar gida har tsakar dare, Kano ce aka kai wata ƙasa. An ga waɗanda suka shekara huɗu a haka suka dawo da Larabcin da bai fi na wanda bai taɓa hawa jirgi ba. A Madina ka roƙi a haɗa ka ɗaki da wasu ƙabilu. A Alƙahira ka nemi haya da 'yan Malesiya ko 'yan Asiya ta Tsakiya, ko Bamasare in ka samu, ka bar zumunci zuwa Juma'a.

To wa zai je ina? Saurayin da bai kai 25 ba, gidansu ba mai ƙarfi ba, burinsa ilimin addini, ya nemi Madina, ya haɗa da sauran jami'o'in Saudiyya a takardar nema ɗaya. Amma kada ya zauna jira. Ya shiga sashen Larabci a jami'ar gida, ko Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, in kira ya zo ya tafi da ƙarfinsa, wataƙila ma ya tsallake shekara biyun cibiyar harshe. Wanda Larabcin kawai yake so, na wata shida ko shekara, ko ya wuce shekarun minha, ko mace ce, ko yana da mai ɗaukar nauyinsa kuma ya san yana iya tsare kansa ba da mai gadi ba, Alƙahira ce tasa. Wanda ya san sai an tsaya a kansa yake karatu, kada a tura shi Alƙahira ko da kuɗin na nan.

A yi lissafin shekaru kuma. Madina biyu na cibiyar harshe da huɗu na digiri, shida ke nan. Azhar tana iya kaiwa haka ko ta wuce idan mu'adala ta mayar da mutum baya, ga shi jarrabawarta ba ta da sassauci, maimaita aji ba abin kunya ba ne a can saboda yawansa. Ɗan Nijeriya da ya gama digiri bayan ya haura shekara 30, takardar yafewa zai karɓa maimakon bautar ƙasa, kuma kafin ma a kai nan sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardar da ya zo da ita. Tun daga gida a tabbatar sunan da ke fasfo shi ne a takardar sakandare da ta haihuwa, harafi da harafi, domin Muhammad a nan da Mohammed a can ya isa ya tsayar da fayil wata da watanni. A fassara takardu zuwa Larabci a wurin da ofishin jakadanci ya yarda da shi, a buga musu hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje. Game da minhar Saudiyya kuwa, duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi yana da hanya a ciki, a riƙe kuɗin a ƙara a na fasfo.